Ranar da Baba Direba Ya Hutar da Firiza

Firizar ta iso gidanmu da hantsi, a bayan wata tsohuwar mota, an ɗaure ta da igiya kamar saniyar da ake tsoron ta tsere. Gidan haya muke, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, don haka babu wanda zai sayi ko bokiti bai zama labari ba, balle wannan farar aba mai tsawon gado. Nas ce ta saya. Sai da ta yi ta tari tun bara daga albashinta na asibiti, kuma da yake falonta ba ya ɗaukar ko ƙarin kujera, aka jingina firizar a baranda, dab da ƙofar ɗakin surukinta, Baba Direba.

Kafin zuwan firizar, cefanenmu irin na kowa ne a layin. Da la'asar kowace ta aika bakin titi wurin Mai Kifi, a sayo gutsure biyu ko uku, a marmasa a miya yadda kowa zai ji ƙamshi ko bai ga tsoka ba. Masu magana a rediyo sun daɗe suna cewa wannan sayen ɗai-ɗai shi ke tsiyata talaka, wai mai hankali sari yake yi. Ni dai na tsufa ina jin haka, kuma na lura masu faɗar ba su taɓa zama a gidan da kuɗi ke shigowa kullum da yamma ya fita kafin magariba ba. Ba su kuma taɓa ganin yadda hannun mai girki ke buɗewa in ta ga buhu a cike ba.

Amma Nas ta yarda da su, kuma yarinyar tana da baki. Ta tara mu a tsakar gida, ni da Mai Ɗinki da Maman 'Yan Biyu, matar maigadin wata makaranta, ta ce mu haɗa abin da muke kashewa a kifi na wata guda, ta saro mana katan-katan daga shagon ƙanƙara, a raba, kowa da ledarta a firiza.

"Kullum kifi sukutum a tukunya," in ji ta, "ba ƙaya da kai ba."

"In ya lalace fa?" Mai Ɗinki ta tambaya, bakinta da allura.

"A wuyana."

Maman 'Yan Biyu ce ta fi jinkiri. Ita abin da za ta bayar shi ne duk abin da mijinta ya ware wa miya har ƙarshen wata, babu wani a bayansa. Ta kalli firizar, ta kalli Nas, ta kwance bakin zaninta. Ni ma na bayar, ba don na gamsu ba, sai don ba na son a yi abu a gidan nan ina ji daga taga.

Ranar Asabar aka saro kifin. Motar da ta ɗauko shi ta maƙale a cunkoso, rana ta gasa katan ɗin har suka fara zufa, amma wa ya damu? Yara suna tsalle, Mai Ɗinki tana ɗaga wani ƙaton kifi ta wutsiya tana cewa wannan ya fi ƙarfin tukunyarta, Maman 'Yan Biyu tana dariya tana rufe baki. Muka raba, muka ɗaure, kowa ta sa wa ledarta ƙyalle mai launi daban daga ragowar yadin Mai Ɗinki. Aka cika firizar har murfin yana ƙin rufuwa. Nas ta kunna, ta saurari kukanta kamar mai jin bugun zuciya, ta sa takalmi ta tafi aikin yamma.

To, Baba Direba ya yi rayuwarsa a kan manyan motoci. Mutum ne da in ya ji kukan inji daga nesa zai gaya maka abin da ke damunsa, kuma ya ajiye tuƙi amma tuƙi bai ajiye shi ba. Tun zuwan firizar yake zama kusa da ita a kan kujerarsa, yana shafa gefenta. Ranar da aka cika ta na gan shi da idona, bayan azahar, ya ɗora tafin hannu a jikinta yana girgiza kai. Na ɗauka sha'awa ce.

Da safiyar Lahadi ina shan shayi na ji salati daga baranda, irin wanda ba a yi wa ƙaramin abu. Na fito na tarar da Nas riƙe da murfin firizar, jan ruwa yana bin ƙasa yana neman magudana. Ta danna leda ɗaya da yatsa, yatsan ya nutse.

Kafin ka ce me, duk gidan ya fito. Mai Ɗinki ta zo da tsintsiya a hannu.

"An ɗauke wuta ne?"

"Yanzu da safen nan aka ɗauke," in ji Nas. "Wannan ba narkewar safe ba ce." Ta leƙa bayan firizar, ta ga makunnin bango a kashe. "Wa ya taɓa wannan?"

Yara suka fara rantsuwa tun ba a tambaye su ba. Sai ga Baba Direba ya ɗaga labule, carbi a hannu, fuskarsa a sake.

"Likita, lafiya? Ai ni na hutar da ita."

"Hutar da ita, Baba?"

"Ƙwarai. Kun yi mata lodin da ya fi ƙarfinta, tana ta nishi, na taɓa gefenta zafi zau. Injin da ya ɗau zafi haka, in ba ka tsaya ka kashe ba, bugawa zai yi. Na ce ta sha iska zuwa la'asar." Carbin ya tsaya a hannunsa. "Sai kuma aka zo aka ɗauke ni dubiyar wani abokin aikinmu..."

Kowa ya juya ga Nas. Na san abin da ke bakinta, don na ga yadda ya cika mata kumatu. Amma uban miji ne, a gidanta yake, mijinta kuma yana can wani gari wurin aiki. Ta haɗiye shi duka, ta durƙusa kaɗan ta ce, "Allah ya ƙara girma, Baba."

Mai Ɗinki ba surukarsa ba ce. "Baba, firiza kuka mayar tirela? Da kun sa mata ruwa a lagireto ma!"

Maman 'Yan Biyu kuwa ta tsuguna ta ciro ledarta mai shuɗin ƙyalle, ta riƙe ta da hannu biyu, ruwan yana ɗiga a kan yatsun ƙafarta. Wannan shirun ya fi surutun Mai Ɗinki ciwo, kuma shi ya tayar da Nas. Ta karɓi ledar, ta kwance, ta shinshina, ta buɗe kunnen kifin ta duba, ta ɗora bayan hannunta a cikinsa.

"Da sanyinsa! Bai juya ba. In muka soye shi kafin rana ta take, ba abin da zai same shi. Duka! Yanzu!"

"Duka? A wane kasko?" in ji Mai Ɗinki. "Nawa ƙwai uku yake ɗauka."

Kasko ɗaya ne a layin da zai iya wannan aiki, kuma duk mun san mai shi. Mai Kifi ce, wadda muka daina aika wa yara tun da aka fara zancen sari, muna wuce ta da gaisuwa daga nesa. Babu mai son zuwa. Aka ce ni ce babba, ni ba za ta kora ba. Na yafa mayafi na tafi, gwiwoyina suna ƙorafi.

Na same ta tana wanke tire. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ajiye soso ta yi dariya har da riƙe ƙugu.

"Masu firiza! Manyan gari! Yau kuma kaskon talaka ake nema?"

"Ki yi dariyarki a hanya," na ce, "kifin ba zai jira ki gama ba."

"Kaskona ba ya zuwa ko'ina babu ni. Kar ku ƙona min shi."

Haka muka dawo, ita a gaba da kaskon a ka kamar lema, ni a baya da dogon cokalinta mai huji.

Ban taɓa ganin tsakar gidanmu kamar ranar ba. Aka jera duwatsu, aka hura itace, kowa ta fito da man da take ɓoyo aka juye wuri ɗaya. Nas ta tsaya a bakin famfo tamkar tana ɗakin tiyata, kowane kifi sai ya bi ta hannunta da hancinta kafin ya wuce. Maman 'Yan Biyu tana fasa ciki tana wankewa da lemun tsami, hannunta kamar walƙiya. Mai Ɗinki tana yanka, tana barbaɗa gishiri da barkono, bakinta bai huta ba. Ni aka ba ni aikin tsare ƙyallaye, kada rabon wata ya shiga na wata, wanda shi ne aikin da ya fi kowanne haɗari.

Kifin farko da ya faɗa mai ya yi wata ƙara, yara suka sa ihu kamar an ci ƙwallo. Ƙamshi ya haura katanga. Maƙwabta suka fara leƙowa, wai sun zo tambaya ko lafiya.

"Lafiya lau," in ji Mai Ɗinki, "Baba ne ya yi mana walima da kifinmu."

Shi kuwa Baba Direba ya naɗe hannun riga ya ɗauki gatari. Tsoho da ciwon baya, ya faskara itace har zufa ta jiƙa masa hula, ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya iya hana shi. Duk sanda wuta ta yi ƙasa, kafin a kira ya iso.

"Direba, rage wuta, man ya ɗau zafi," Mai Kifi ta ce masa, tana juya cokali. "Ko shi ma za ka kashe shi ya huta?"

"Ke dai tuƙa kaskonki, ni na san hanya."

"Ka san hanya ka kai mata huɗu rami?"

Har Nas sai da ta juya baya tana dariya a cikin mayafi.

Rana tana hawa, muna tsere da ita. Ledojin saman su ne abin tsoro, don su suka fi shan zafi, da su aka fara. A can Nas ta tsaya da wasu 'yan kifaye a hannu, ta shinshina, ta sake shinshinawa, ta jefa su a bokitin shara. Daga leda mai shuɗin ƙyalle suka fito. Ta buɗe tata ledar ta ɗebo madadinsu ta zuba a bahon Maman 'Yan Biyu.

"Haba, Anti, ki bari..."

"Na ce a wuyana. Wanke, rana na yi."

Wajen azahar aka kwashe kasko na ƙarshe. Tire-tire na soyayyen kifi a jere a inuwa, jajur, suna tsane mai. Muka zube a tabarma, idanu sun yi ja da hayaƙi, kowa tana warin kasuwa. Kowace ta ɗebi kaɗan daga rabonta aka haɗa wa Mai Kifi, ta ƙi karɓa sau ɗaya don kunya, ta karɓa a na biyu. A daidai lokacin aka kawo wuta. Fitilar baranda ta kama, duk muka kalli makunnin, sannan muka kalli Baba. Ya miƙe da kansa ya kunna, ya koma gefe, hannayensa a baya.

Mai Ɗinki ta ɓare wani gutsure mai zafi, ta hura, ta tauna a hankali. Ita muke jira, don in ta ce ta fita daga sarin nan, ya mutu ke nan.

"Wata mai zuwa," ta ce, "a ƙaro katan ɗaya. Rabi a firiza, rabi a kasko. Kuma a ba ni makunnin nan in ɗinke masa riga."

Maman 'Yan Biyu ta ɗauki tirenta a ka, yaranta suna bin ta kamar 'yan tsaki. Ni na san abin da masu rediyo ba su sani ba: daskararren kifi yana tsare kansa, babu yaron da zai saci ƙanƙara, amma soyayye ba ya ganin ƙarshen wata a gidan da ke da hannaye. Na gaya mata ta mayar da rabi firiza in ya huce, a can ƙasa, ƙarƙashin ledata. Ta yi hakan.

Da la'asar na fito alwala na ga Baba Direba a kujerarsa. Ya sake ɗora tafi a gefen firizar, ya girgiza kai. Na ce a raina, yau ma za a hutar da ita. Sai ya shiga ɗaki, ya fito da fankarsa ta tsaye, wadda ko jikokinsa ba ya bari su taɓa, ya jona ta, ya juya fuskarta ga firizar. Shi kuma ya zauna a cikin zafi yana fifita da hula.

"Baba, ku fa?" Nas ta tambaya daga ƙofa.

"Ni ba ni da lodi, Likita. Ita ke kan tudu."