Inci Ɗaya Tsakanin Giwa da Titi

A unguwar babu wanda bai san Giwa ba, amma waɗanda suka taɓa ganinta a kan titi duk sun fara furfura. Mota ce ƙirar Amurka irin ta da, ruwan toka, doguwa har ta wuce misali. In kana tsaye wajen but kana son yi wa na gaban bonet magana, sai ka ɗaga murya. Kujerar bayanta kushin ne guda na fata, mutum zai miƙe a kai ya yi barcinsa har da juyi. Giyarta a jikin sitiyari take, tayoyinta da farin zobe, injinta kuwa in an tashe shi ba ya ihu, gurnani yake ƙasa-ƙasa har kofunan kicin su ɗauki rawa.

Mai ita Tela ne. Wani ɗan kasuwa da ya daɗe yana yi wa ɗinki ne ya bar masa ita lokacin da zai tashi daga garin, ya ce ya ga yadda yake riƙon almakashi, ya san ba za ta wulaƙanta a hannunsa ba. Bai kuwa yi ƙarya ba. Tela ya ɗinka mata riga daidai jikinta, har da aljihu biyu na madubai. Kowace Asabar zai tuɓe mata rigar, ya wanke ta, ya goge, ya tashe ta, ya yi gaba taku goma a tsakar gida, ya yi baya taku goma. Takardunta ba su taɓa mutuwa ba, lasisinsa ma haka. Fentinta ko kwarzanen farce babu.

Sai dai shekara ashirin ke nan ba ta leƙa waje ba. In an tambaye shi sai ya ɗaga kai ya ce, "Titunan yanzu ba na irinta ba ne." Mutane suka ɗauka tsabar ji da ita ne, shi kuma ya bar su a haka, don gara a ce masa mai shegen son mota da a san gaskiya.

Gaskiyar ita ce Giwa ba za ta iya fita ba. Lokacin da aka zo kewaye gidan da gina masa shago a gaba, motar tana ciki. Duk incin da aka rage a ƙofa shago ne zai samu, shi kuwa Tela mutum ne da ba ya ɓarnar yadi. Ya ɗauko tsohon tef ɗinsa na ƙyalle ya auna faɗin motar, ya samu inci saba'in da bakwai, ya ƙara biyu kamar yadda yake barin ragowa a ɗinki, ya ba amininsa Magini lamba. Magini ya sa tef ɗinsa na ƙarfe ya gina abin da aka ce masa. Sai bayan siminti ya bushe Tela ya gano tef ɗin nasa ya saki don tsufa. Faɗin Giwa tamanin ne cif, ƙofa kuwa saba'in da tara. Telan da duk gari ke cewa idonsa ma awo ne, shi ne ya yi wa motarsa ƙofar da ta matse ta. Ya jefa tef ɗin a shara, ya haɗiye maganar.

Ana nan aka yi wa matarsa aiki a gwiwa. Malama ake ce mata, shi ma haka yake kiranta, don shekara talatin ta yi tana koyar da lissafi. Aiki ya yi kyau, likita ya ce gobe da azahar za a sallame ta, amma ƙafar nan a miƙe za ta zauna, kada a lanƙwasa ta a hanya. Motar Auta, 'yarsu da ke jinyarta, ƙarama ce, ko buhu biyu ba ta ɗauka cikin daɗin rai.

"Sai mu nemi motar asibiti," in ji Auta.

"A cikinta aka kawo ni ina kuka, ba zan koma a cikinta ba," Malama ta ce. Ta juyo ta dubi mijinta. "Maigida, Giwa nake so ta zo ta ɗauke ni."

Matan da ke sauran gadajen ɗakin asibitin duk suka zuba masa ido, don sun sha labarin motar a bakinta. Ya dubi fuskarta da ta faɗa, ya dubi ƙafar da ke cikin bandeji. A zamansu ba ta taɓa roƙonsa wani abu a gaban mutane ba. Bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce, "To, an gama."

Washegari da sassafe ya buga wa Magini ƙofa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya jawo shi har bakin get, ya kwashe labarin duka ya faɗa masa, idonsa a ƙasa kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa.

Magini ya yi dariya har sai da ya zauna a kan dakali yana share hawaye. "Shekara ashirin ina jin haushinka, na gina maka ƙofa ka ƙi bi ta ciki. Ashe Giwa ɗaurin rai da rai take yi."

"Ka gama dariyar ka rushe min ginshiƙi ɗaya."

"Wanne? Na dama bangon shagonka ne. Na hagu tankin ruwa ke kansa. Ka ba ni kwana uku."

"Awa biyar gare ni."

Magini ya daina dariya, don ya ga fuskar abokinsa. Ya koma gida ya dawo da guduma da ƙarfen sara, suka cire ƙyauren get suka jingine, ya hau farfasa shafen simintin da ke jikin ginshiƙan. Tela kuma ya kwance madubai, ya cire dogayen ƙarafunan ado masu ƙyalli na gefe, ya naɗe kowanne a ƙyalle kamar jariri. Kafin hantsi maƙwabta sun taru, kowa da shawararsa. Mai shagon kusa ya ce a sace iskar taya, aka tuna masa ba tsawo ne matsalar ba. Wata tsohuwa ta kawo sabulu ta ce a shafa wa ginshiƙai, kowa ya yi mata dariya, daga baya kuma aka shafa. Asirin da Tela ya rufe shekara ashirin ya zama hirar bakin titi, abin mamaki kuma sai ya ji kamar an sauke masa kaya daga ka.

Da rana ta kusa tsaka suka sake aunawa, wannan karon da tef ɗin ƙarfe. An samu incin, har da ɗan ƙari. Amma a ginshiƙin hagu akwai guntun ƙarfen da ƙyaure ke rataye a kai, ya leƙo kamar kan yatsa. Magini ya ce jijiyarsa a cikin rodin da ke riƙe tanki take, in aka dake shi ba ya ɗaukar alhakin abin da zai biyo baya, injin yankan ƙarfe kuma sai an je can ƙarshen gari.

Wayar Tela ta yi ƙara. Auta ce. "Baba, an sa hannu a takarda. Mama ta ɗaura ɗankwali tun ɗazu, ta ce a tura ta bakin ƙofa ta jira ka. Kowace mota ta shigo sai ta ɗaga kai."

Tela ya mayar da wayar aljihu. Ya tsaya ya dubi gefen motar, fentin da yake ganin fuskarsa a ciki kowace Asabar. Ya ji zafin abin tun kafin ya faru, kuma bai ɓoye wa kansa ba. Ya shafa ta sau ɗaya, ya buɗe ƙofa ya shiga.

Magini ya sunkuyo ta taga. "Ka bari na aika a kawo injin. Awa biyu ne kawai. Za ta kwarzane fa."

"Na sani. Matsa min."

Giwa ta yi gurnani ta taho a hankali. Hancinta ya shige, tayoyin gaba suka taka titi. Sai ƙarfen ya kama ta daga ƙofar direba. Ƙarar ta shiga haƙoran kowa, tsohuwar mai sabulu ta toshe kunne. Tela bai taka birki ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar yana bin layin alli a kan yadi mai tsada, ƙarar tana binsa har fitilar baya. Sai shiru. Mutane suka ɗauki tafi, Magini yana tsalle da guduma a hannu kamar ba dattijo ba. Suka mayar da madubai a gurguje, Tela ya kama hanya.

Mutumin da ya shekara ashirin yana tuƙin taku goma ba ya gudu. Masu babur suka riƙa wuce shi suna waiwaye, wani direban bas ya rage tafiya ya sara masa. Ramukan da ya daɗe yana ɗora wa laifi kuwa, Giwa haɗiye su take ba ka ji ba. A danja ta biyu ya kama kansa yana dariya shi kaɗai.

A bakin asibiti Malama na zaune a keken marasa lafiya, ƙafa a miƙe, matan ɗakinsu sun cika tagogi. Auta ce ta fara ganin layin, fari fat, tun daga ƙofa har baya. Ta dafe ƙirji. "Baba, wa ya yi maka wannan aika-aika?"

"Turo ni kusa," in ji Malama.

Ta sa yatsa a kan kwarzanen ta bi shi iya inda hannunta ya kai. Ta ɗago. "Inci ɗaya ne, ko ba haka ba?"

Tela ya tsaya da makulli a hannu.

"Sati guda da gama ginin na ga ka jefar da tef ɗin da ko ni ba ka bari na taɓa," ta ce. "Ka fita, na ɗauko babbar rular allo na auna motar, na auna ƙofar."

"Malama, shekara ashirin kina sane kika bar ni ina zagin titi?"

"Jira nake ka faɗa da bakinka. Da aka kwantar da ni za a yi aikin nan, ban tuna komai ba sai ranar da ka fara ɗauko ni a cikinta daga makaranta, yara suna binmu da gudu. Na ce in na tashi, sai na ga ko za ka fito min da ita."

Kunya da daɗi suka haɗu suka rufe shi. Ya dubi kwarzanen ya ce, "Akwai mai fenti a bayan kasuwa, an ce hannunsa da kyau."

"Kada ka kuskura. Shekara arba'in kana min ɗinki, ba ka taɓa yi min adon da ya kai wannan layin ba."

Shi da Auta suka kama Malama suka kwantar da ita a kujerar baya. Ƙafar ta miƙe sambal, har da sauran wuri na jakarta. Ta shaƙi ƙamshin fata ta lumshe ido. Tela ya shiga ya gyara madubi har ya samo fuskarta a ciki.

"Gida kai tsaye?" ya tambaya.

"Ƙofar da ta tsare ta shekara ashirin kake gaggawar komawa? Bi ta doguwar hanya, Maigida. Kuma ka sauke gilashi, ina so a gan ni."

Ya sauke gilasan duka huɗu, ya ja giya.