Piyanon Mushe Mahamud

Da aka tura Mahamud koyarwa a wani ƙauye na karkarar Garagumsa, bai tafi da komai ba sai katifa, akwatin tufafi, da wani ƙaramin piyano mai aiki da batir wanda ya saya na hannu a unguwar Zango. Bai iya kaɗa shi ba. Kafin ya bar Damagaram ya cika salularsa da bidiyon koyo, irin wanda layuka masu launi suke zubowa a kan maɓallai, mai koyo ya bi su da yatsa.

Darektan lakwal, wato shugaban makarantar, ba ya kwana a garin, ana tashi yake hawa babur. Samari sun tafi cin rani. Daga azahar zuwa faɗuwar rana ba mai ce wa Mahamud uffan sai awaki. Abin da ya riƙe shi a garin shi ne tabarmar Nomau, dattijon da ya ba shi ɗaki a jikin zaurensa. Bayan magariba kowane magidanci na unguwar yakan sa a fito da kwanonsa ƙofar gidan, a ci tare, a yi hira. A nan ake faɗin wanda geronsa ya ƙare, da wanda matarsa ta yi yaji, da rigimar iyakar gona. Suna kiransa Mushe, kamar yadda ake kiran kowane malamin lakwal. Sun ba shi wuri kusa da Nomau, suna tsokanarsa wai lomarsa ta 'yan birni ce, ko kaza ba za ta ƙoshi da ita ba.

Da la'asar yakan rufe ƙofa, ya toshe kunnuwa da waya, ya kama wata waƙar zamani da yake so tun yana ɗalibi. Hannun dama ya fara jin magana. Na hagu kuwa, da zarar ya haɗa su, sai ya tsaya cik ko ya bi na dama kamar raƙumi da akala. Ya rubuta lambobi a kan fararen maɓallan, gumi yana goge su, yana sakewa.

Wata rana wayar kunnen ta tsinke. Ya rage ƙara ya ci gaba.

A daren, ana tsakiyar cin tuwo, maƙwabcinsu Lawali ya ce, "Mushe, wai wace ce ke kuka a ɗakinka da la'asar? Ko ka yi mata a ɓoye ba mu ci goro ba?"

Aka yi dariya. Mahamud ya ce piyano ne, koyo yake yi.

Nomau ya lashe yatsa. "Gadonku ne?"

"A'a, Baba. Mahaifina fata yake sayarwa, haka ma kakana."

"To, me ya yi zafi?"

"Ba abin da ya yi zafi. Ina so ne kawai. Sai mutum ya gaji abu zai taɓa shi? Alli ma ai ban gada ba."

"Alli daban," in ji Nomau, ya jawo kwanon miya.

Da matar Lawali ta haihu, Lawali ya leƙo ɗakin da kansa. "Ran suna ka zo mana da amaryar taka, jama'a su gan ta."

Mahamud ya ji daɗi har cikin ransa. Satin nan ko gyaran takardun yara bai yi da kyau ba. Ya sayi sabon batir a kasuwa, ya yi ta maimaita waƙar har hannun hagu ya soma binsa da ɗingishi. Yana ganin in suka ji da kunnensu za su gane abu ne mai kyau, ba wani abu ba.

Ran suna da hantsi aka shimfiɗa masa buhu a tsakar gida. Ya ɗora piyanon a cinya. Ya fara, ya kuskure, ya sake. A karo na biyu waƙar ta miƙe. Wata mata ta rangaɗa guɗa. Bai ɗago ba sai da ya ji abu mai sanyi a goshinsa: Hajara, gwaggon mai jego, ta liƙa masa kuɗi, ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

"To, wasa ni mana! Ni ce jikar Mai Nasara, mai rijiyar gabas. Faɗi a ji!"

"Inna, ba ni da baki. Kiɗan ne kawai."

"Kiɗa ba kirari? Ko kuɗin ne suka yi kaɗan?"

Wasu matan suka taso su ma suna liƙa masa, kowace tana faɗin sunan kakanta. Waƙar ta watse a hannunsa. Da aka zo rabon abinci, aka kai nasa bayan rumbu, inda masu kalangu suke zaune. Suka matsa masa da fara'a. Ya ci, bai san abin da ya ci ba.

Ba wanda ya kore shi daga tabarmar Nomau. Wurinsa yana nan. Sai dai yana sallama hira take mutuwa. A koma maganar zafi, da tsadar taki. Wani dare Lawali ya fara ba da labarin surukinsa, wani ya taka masa ƙafa, ya yi tari ya bar zancen.

Da aka watse Mahamud ya tare Nomau a zaure.

"Baba, me na yi?"

"Ba ka yi komai ba, ɗana. Amma an liƙa maka a gaban jama'a, ka karɓa. Mutane suna tsoron bakin makaɗi. Yau ka ji sirrin mutum, gobe ya ji kansa a waƙa."

"Wace waƙa? Ni da ko hannun hagu ban iya ba! Kun san ni, 'ya'yanku nake koya wa karatu. Ba wanda zai ce musu wannan ba daidai ba ne?"

"Haka muka taras."

"Kullum haka muka taras!"

Nomau bai yi fushi ba. Ya ce, "Ka mayar da abin nan Damagaram. In ba a ji shi, za a manta."

Mahamud ya yi kwanaki yana ci shi kaɗai a ɗaki, yana kaɗawa da ƙarfi don a ji. Ba wanda ya zo ya hana shi, ba kuma wanda ya zo ya saurara. Yana jiyo dariyarsu ta bayan bango.

Ran kasuwa ya naɗe piyanon cikin bargo, ya ɗaure da igiya, ya ba direban motar Damagaram ya kai wa ƙanwarsa Munira ta ajiye. Ya tabbatar an gan shi yana ɗauke da shi ta tsakiyar gari.

Da magariba ya fito ya zauna. Nomau ya tura masa kwano. Hira ta soma motsi kaɗan-kaɗan, har Lawali ya ɗauko labarin wani da ya sayar da gonar marayu. Mahamud ya sunkuyar da kai yana saurare, yana jin kamar an sauke masa kaya. Bai san yatsunsa suna tafiya a kan gwiwarsa ba, na dama da na hagu tare, ba kuskure.

Lawali ya kalli gwiwar. Ya kalli sauran.

"Allah dai ya kawo mana damina lafiya," ya ce.

Kowa ya ce amin.