Taransifon Munkaila

Wutar Amerika rabin tamu ce. Ni ma da farko ban yarda ba, sai da ƙanena Munkaila ya rantse mani a waya. Ya ce butar lantarkin da ya tafi da ita daga nan Malbaza, in ya ɗora ruwan shayi sai ya yi wanka, ya yi salla, ya dawo ba ta ko fara kuka ba. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Ƙasa duk girmanta, wuta rabi! To, me ya kai ka?"

Ranar ba mu kawo ma ranmu ɗayan gefen zancen ba. In kayanmu sun je can sun yi sanyi, nasu in sun zo nan ƙonewa suke yi.

Baba direban kamyo ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana jigilar siminti zuwa Tawa da Yamai, sigari a baki kamar da shi anka haife shi. Da ya ajiye tuƙi sai ƙirji ya ce bai san zance ba. Lokotoro a Ƙonni ya ce huhun ya gaji, sai dai a riƙa taimakonsa da iska. Inna ta daɗe da rasuwa, ni kuma na gama takabar mijina na dawo gida, don haka jinya a wuyana ta faɗo.

Munkaila na jin zancen lokotoro ya cuso mana kaya cikin kwantenar wani abokinsa: injin iska mai ƙafafun taya, tele ɗinsa mai faɗi kamar ƙyauren ɗaki, da dutsen guga. Sai wani baƙin akwatin ƙarfe, ɗan ƙarami amma nauyi kamar turmi. Shi ne taransifo, mai raba wutarmu biyu ya ba kayan Amerika daidai cikinsu.

"Yaya Badi'a," in ji Munkaila, "kome ta cikinsa za ya bi. Kuma abu ɗaya yake ɗauka. Kar ki haɗa masa biyu, don Allah."

Wa ya faɗa mani in ji? Ran nan na haɗa masa injin da tele tare. Ba a jima ba ya ɗauki zafi, ya fara wari kamar ana ƙona gashi, na fizge wayar wuta. Na aika kasuwar Ƙonni anka sayo mani na biyu, wani marar nauyi mai sheƙi. Allah ya so ni da dutsen guga na fara gwada shi. Tas! Hayaƙi, shi da dutsen gugar duka sunka tafi lahira tare. Tun daga ranar ban sake yarda da kowane akwati ba sai na Munkaila.

Injin nan yana da irin tasa murya. In yana aiki sai ka ji fuuu, ya ɗan tsaya, ya sake fuuu, sak mutum mai barci. Siririn tiyo ya fito daga jikinsa ya shiga hancin Baba. Kuran, wato wutar gari, ba abin dogaro ba ne, shi ya sa Munkaila ya sa anka ɗora mana fano mai ɗaukar hasken rana da batura a kan rufi. Kome ya tanada, bawan Allah, ban da halin ubansa.

Baba yana da yana a ido. In na miƙa masa waya ya ga Munkaila, sai ya ce shi dai inuwa yake gani. Amma in na jingine wayar bisa tele na tura hoton kan babban gilashin, yadda Munkaila ya koya mani, sai ya ga ɗansa har da furfurar da ta fara fito masa a gemu. To ga inda gizo ke saƙa: tele na son taransifo, inji na son taransifo. Duk Lahadi in Munkaila za ya kira, sai in zare injin in saka tele.

Baba kuwa sai ya cire tiyo ya tura ƙarƙashin matashi, ya sa in ja injin bayan labule. Ya zumbula babbar riga, ya kafa hula, ya zauna ƙyam kamar mai jiran a ɗauke shi hoto.

"Baba, yaya ƙirjin?"

"Wane ƙirji? Injinka ma sai jefi-jefi nake waiwayarsa."

Ƙarya ce tsagwaronta, a bakin dattijo mai zuwa masallaci. Ana kashe waya sai ya zube, ni kuma in yi ta kiciniyar maida wayar inji cikin taransifo ina masifa. Da farko yakan yi hira mai tsawo bai ji kome ba. Da sanyi ya wuce, hirar ta fara gajarta. Da zafi ya shigo, kafin su gama gaisawa sai in ga leɓɓansa sun fara duhu.

Na ce masa, "Baba, bari in ce ya aiko da taransifo na biyu, ka ga ɗanka da tiyonka a hanci. Ciwo abin kunya ne?"

Ya dube ni da idanun nan nasa masu yana. "Ke Badi'a, yaron nan takardunsa ba su fito ba. In ya taka jirgi ya zo, ba shi komawa. Ga mata da ciki. Kin san shi, in ya gan ni da igiya a hanci gobe yana hanya. Kika ce a aiko na biyu, ya gane ba ni iya rabuwa da injin. In kin faɗa masa ban yafe ba."

Wallahi na ji haushinsa, na kuma ji tsoro. Amma wa ke ɗaukar "ban yafe ba" na uba ya kwana da shi? Ban faɗa ma Munkaila kome ba.

Ana cikin haka Najiba, matar Munkaila, ta sauka lafiya, namiji. Munkaila ya ce za a raɗa suna da safiyarsu, wato bayan azahar ɗinmu, kuma yana son Baba ya gani da idonsa tun daga farko har fatiha. Bai faɗi sunan da ya zaɓa ba, amma yadda yake noƙe murya kowa ya gane.

Satin nan Baba bai ko iya zuwa bayan gida sai na riƙe shi. Na ce, "Baba, ka saurara a waya, kunnenka lafiya lau yake." Ya ce jikansa na fari ta wurin ɗa namiji ba a rediyo za ya same shi ba. Na kira ƙanwarsa, Gwaggo Kyauta, daga Dogarawa don ta taya ni faɗa. Ta zo, ta dube shi, ta ce, "Ɗiyata, wanga tun yana yaro in ya kafe ko jaki ya san da zamansa." Ta nemi tabarma ta zauna.

Ranar suna zafi ya yi zafi. Maƙwabta mata sunka cika ɗakin, maza sunka tsaya bakin taga, kowa na son ganin yadda ake suna a Amerika. Na bar injin yana aiki har sai da wayar ta yi ƙara. Baba da kansa ya zare tiyo. Na ja injin bayan labule, na saka wayar tele cikin taransifo, ɗakin ya yi tsit babu fuuu ɗin nan da kunnena ya saba da shi.

Ga Munkaila a gilashi cikin farar shadda, bayansa wani falo cike da ƴan ƙasarmu, ana ta raba dabino da goro.

"Baba! Kana gani?"

"Ras nake gani."

"Liman muke jira, ya taso, cunkoson motoci ne ya riƙe shi."

Ashe liman ko a Amerika liman ne, sai an jira shi. Na matsa kusa da taransifo na tsuguna, hannuna bisa wayar tele. Akwatin na ta gurnani ƙasa-ƙasa, ɗuminsa na dukan tafina.

Munkaila ya shiga zagayawa da waya, wanga ɗan Illela ne, wanga ɗan Madawa ne, ku gaida Baba. Kowa sai ya tambayi jiki, kowa sai Baba ya amsa masa. Amsar ta koma kalma ɗaya. Daga baya ta koma ɗaga hannu. Ina ganin kafaɗunsa na hawa da sauka cikin babbar riga, zufa na bin gefen hularsa.

Na raɗa masa, "Baba, in ce kuran ya ɗauke. Ka ɗan sha iska, in liman ya zo mu dawo."

Bai ko waiwayo ba. Ya miƙo hannu ya kama wuyan hannuna. Yatsunsa sanyi ƙalau cikin wannan zafi, farcensa sun yi shuɗi. Mutumin da ba ya iya ɗaga buta, amma na kasa ƙwacewa.

Liman ya iso. Maimakon ya raɗa suna ya sallame mu, sai ya buɗe wa'azi kan haƙƙin iyaye a kan ƴaƴansu na ƙasar waje. Matan ɗakinmu na ta "Allahu akbar", ni kuwa ina ji kamar in shiga gilashin in toshe masa baki. Gwaggo Kyauta ta bar kallon tele, ta koma kallon yayanta, leɓɓanta na motsi. Wani ƙaramin kuka na fita daga maƙogwaron Baba duk in ya ja iska, kamar ƙyaure mai tsatsa.

"Baba, don girman Allah."

Ya ƙara matse mani hannu.

Can anka miƙo jaririn cikin farin zane. Munkaila ya kawo waya daf da fuskarsa, har fuskar ta cika gilashin nan duka: jajir, ido rufe, da ɗan hancin gidanmu. Baba ya sunkuyo gaba. Liman ya ce a yi salati, sannan ya ce, "Sunan yaro Abdulwahab."

Sunan Baba ke nan, sunan da ban taɓa faɗa da bakina ba. Guɗa ta tashi can, ta tashi nan. Baba ya saki hannuna, ya ɗaga tafukansa biyu za ya shafa fatiha. Ba su kai fuska ba.

Na fizge wayar tele, gilashi ya yi baƙi. Gwiwar hannuna ta bugi wayar salula ta faɗo ta kife bisa tabarma. Na jawo injin har labulen ya tsinke, na cusa wayarsa cikin taransifo, na lalubo tiyo ƙarƙashin matashi na saka masa a hanci. Gwaggo ta tallabo kansa. Injin ya yi ƙara, ya kama. Fuuu. Ya tsaya. Fuuu.

Na ɗora tafina bisa ƙirjinsa ina jira. Na daɗe ina jira. Gwaggo Kyauta ta sa yatsu biyu ta shafe masa idanu, ta gyara masa hular da ta karkace. Babu wadda ta yi kuka cikin matan, don duk sun ji muryar da ke fitowa daga tabarma. Kiran bai yanke ba.

"Yaya Badi'a? Hoton ya ɗauke. Kuran ne?"

Na dubi wayar a kife bisa tabarma.

"Ya dai ji sunan, ko? Yaya?" Sai ya yi shiru yana saurare, ya yi ƴar dariya, ya rage murya. "Af, barci ya kwashe shi? Ga numfashinsa nan ina ji har nan, lafiya lau. Kar ki tashe shi, Yaya. Bar shi ya huta."