Uwar Catinca Tana Padova

Kujera ashirin da takwas na jera don taron iyaye, mutum shida suka zo. Biyar kakanni ne, na shidan wani kawu ne mai warin giyar gida. Shekara goma sha tara ina koyar da tattalin arziki a garin nan na gefen birnin Vaslui, amma duk taro sai raina ya ɓaci kamar yau na fara.

Da aka watse na tare tsohuwa Profira a bakin ƙofa.

"Iya, jikarki Catinca ta faɗi darasina. In ba ta ci jarrabawar gyara ba za ta maimaita aji, kuma ta rantse in haka ta faru ta bar makaranta ke nan."

"To malama, ni me na sani? Ina ciyar da ita, ina mata wanki. Zane-zanen nan naku na farashi, ko da tabarau ban san kansu ba. Nuna min inda zan sa hannu, kajina na jira."

Ban ga laifinta ba. Yarinyar ce ke ƙona min rai, don ba daƙiƙiya ba ce. Kawai babu wanda ke tambayarta me aka koya yau, ita ma sai ta daina tambayar kanta.

* * *

Washegari bayan an tashi na riƙe Catinca a aji, na ce ta kira min uwarta. Lenuța sunanta, shekararta huɗu tana aikatau a wani gida a birnin Padova, can ƙasar waje. Duk wata sai kwalin taliya da gahawa ya iso a motar masu kai saƙo, ita dai ba ta isowa.

Na shirya maganganu masu zafi. Fuskar Lenuța ta fito a waya, a gajiye.

"Malama, lafiya? Ta yi wani abu ne?"

"Abin da ba ta yi ba ne ya sa na kira. Lenuța, kwali ba ya duba littafi. 'Yarki..."

Sai wata murya ta kira ta da Italiyanci.

"Don Allah minti biyu, malama. Ɗan masu gidan ne, gobe yana da jarrabawa, uwarsa ta ce kar in bar shi sai ya gama."

Ta jingina wayar a kan tebur, ta manta ba ta kashe ba. Muna ganinta ta ja kujera kusa da yaron, ta ɗora yatsa a kan littafinsa tana bin layi a hankali. Ya yi kuskure, ta shafa kansa, suka sake daga farko.

Takaici ya cika ni, na miƙa hannu zan katse kiran. Catinca ta riƙe min hannu, idonta na kan wayar.

"Ki bari, malama," ta ce a hankali. "Ban taɓa ganin yadda take yi ba."