Uwar Bushiya

"Ki rage murya, numfashinsa ba daɗi," in ji Tanti Biba, tana janye kujera daga bakin gadon mijinta.

Ni'ima ba ta zauna ba. Daga tashar jirgin ƙasa ta wuce kai tsaye gidansu a garin Vaulx-en-Velin, ko jakarta ba ta sauke ba. Baba Moutari yana kwance, robar iska a hancinsa. Shekara talatin ya yi yana aiki a masana'antar Saint-Fons, ga shi yanzu ya koma kamar tsinke cikin bargo.

"Ɗiyata ta Paris," ya ce. "Kin zo lahiya? Ya aiki? Ya mahaifinki?"

Ta amsa gaisuwar a taƙaice, abin da ba ta taɓa yi masa ba.

Maƙwabcinsu ne tun tana yarinya, ƙofa na kallon ƙofa a hawa na huɗu. Tana da shekara bakwai, a 2002, mahaifiyarta Sahadatou ta tafi Maradi jinya. Mahaifinta yana fita kasuwa kowace Asabar, sai ya bar ta a gidan Baba Moutari. Ƙarfe takwas da rabi ake nuna katun a talabijin, na wata 'yar bushiya mai raba wasiƙu a kan keke. Tsohon yana da doka ɗaya: a gidansa tele Hausa take yi. Sai ya kashe sautin, ya zauna a ƙasa da kofin shayinsa, ya yi ta yi musu magana da bakinsa. Kai, mutumin ya iya! Muryar kunkuru daban, ta zomo daban, har Tanti Biba takan bar wanke-wanke ta leƙo.

A bakinsa, uwar bushiya ta yi tafiya. Ita ce mai jan kallabin nan da ake nunowa jefi-jefi a wani gari mai nisa. Kowane mako tana aiko wasiƙa cewa tana nan tafe, hanya ce ba kyau. Ni'ima takan tambaya, "Kamar Mamana?" Shi kuma ya ce, "Kamar ita sak."

Shekara biyu tana jira. Sai da suka koma La Courneuve, kusa da Paris, wata gwaggo ta yi suɓul da baka, ta ji cewa mahaifiyarta ta rasu mako uku da isarta Maradi. Wai yaro ba a gaya masa mutuwa, sai a ce an yi tafiya. Ta daɗe tana riƙe da mahaifinta a zuci. Amma Baba Moutari, ina! Shi kam ta ɗauka shi ma ɓoye masa aka yi kamar ita.

Yanzu ta fito da wayarta ta nuna masa.

"Baba, da na ji ba ka da lafiya na nemo katun ɗinmu a intanet, don in zo mu kalla tare. Na kalle shi duka, da sauti. Babu wata uwa a ciki. Mai jan kallabin nan burodi take sayarwa. Wasiƙun kuma katin gayyatar biki ne."

Tsohon ya lumshe ido.

"Ka sani, ko ba ka sani ba?"

"Ni'ima, ki ji tsoron Allah," in ji Tanti Biba. "Yanzu ne lokacin wannan?"

"To yaushe, Tanti?"

Ya ɗaga hannu kaɗan ya dakatar da matarsa.

"Na sani," ya ce. "Ni na ɗauki wayar da aka bugo daga Maradi. Mahaifinki ya ce in taimake shi, ba ki cin abinci. Na ga in an yi maganar wasiƙa kina ci."

"Kowace Asabar nakan sauka in tsaya gaban akwatin wasiƙunmu kafin in hau sama wajenka. Kana ganina ta taga."

"Ina ganinki."

Wallahi da mahaifinta ne ya sake yi mata ƙarya da ba ta ji zafi haka ba. Safiyoyin nan su ne kawai abin daɗin da ta tsira da shi daga yarintarta, su ma ashe haɗa baki aka yi.

"Ki yahe mini, ɗiyata," ya ce, numfashinsa na sarƙewa. "Ina son in ji da kunnena."

Tanti Biba ta zuba mata ido. Ni'ima ta gyara igiyar jakarta a kafaɗa.

"Zan dawo ranar Asabar," ta ce. Ta fita, ta bi matakala don ba za ta iya tsayawa jiran lif ba.

Ranar Laraba da hantsi ya cika.

Ta zo gaisuwa ranar Asabar ɗin. Falo cike da mata, ana ta miƙa dabino. Ta ratsa su ta tura ƙofar ɗakinsa. Mutanen asibiti sun riga sun kwashe gadonsu da tukunyar iskar. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin ita kaɗai, tana kallon sawun tayoyi huɗu da suka lotsa ledar ƙasa.