Ƙyallen da Ba a Yaye Ba

"Ki tsaya cik mana, Gwaggo, allura ce a hannuna."

"Ni da na tsare 'yan mata biyar a fili, ke za ki koya wa tsayuwa?" in ji Gwaggo Dulcie. "Ɗage ta sama kaɗan. Ƙafafun nan su suka ci kofi, ki bar mutane su gan su."

Narelle tana durƙushe a barandar maƙwabciyarta, tana kalmashe bakin wata shuɗiyar riga. Safiyar Juma'a ce, damina ta ƙi sauka, mangwaro sai faɗowa yake kan kwanon rufi. Gobe Asabar za a raɗa wa zauren wasanni na garin sunan tsohuwar. Shekara biyu Narelle ta yi tana wannan faɗa, tun dawowarta daga karatun lauya a birnin Darwin, domin wani kamfanin haƙar ma'adinai ma yana son sunansa a jikin ginin.

Kowa a unguwar ya san labarin. A 1965, 'yan matan sansanin bayan gari, 'yan asalin ƙasa, suka doke ƙungiyar Turawa a wasan ƙarshe na ƙwallon kwando, ba takalmi, a kan kwalta mai ƙuna. Aka yi liyafa a cikin zaure, su kuma aka miƙo musu kofinsu ta tagar kicin. Tun daga ranar Dulcie, kyaftin ɗinsu, ba ta taka wurin ba, har aka rushe shi aka gina sabo.

"Lauya, haɗo mini shayi. Sukari cokali uku."

"Likita ya ce ɗaya."

"Kin ga likita a nan?"

Narelle ta shiga kicin tana dariya, ta ɗora buta. Ba ta fi minti biyar ba. Da ta fito, tsohuwar na zaune a kujerarta ta roba, kanta ya karkata gefe, allurai na nan jere a bakin rigar.

"Gwaggo, ga shayinki. Biyu na sa, kada ki yi mini ƙorafi."

Shiru.

"Gwaggo, ki bar wasan nan."

Ta taɓa hannunta. Da ɗuminsa, amma ya sulale ya faɗi kan cinyarta. Narelle ta tsaya riƙe da kofin shayi, yana ƙona mata yatsu ba ta ji ba. Motar asibiti ta zo, ma'aikatan suka yi iya yinsu a ƙasan baranda, sannan ɗayansu ya dubi agogo, ya ce ta riga ta cika.

Kawu Clem, ƙanen tsohuwar, ya iso da sandarsa yana haki.

"Kawu, yanzun nan fa muke magana! Gwaggo Dul..."

Ya ɗaga hannu. "Ɗiyata. Sunan nan ya kwanta. Ki ce tsohuwa."

Ba sabon abu ya gaya mata ba. A cikinsa ta tashi. Idan mutum ya rasu ba a kiran sunansa, ba a nuna hotonsa, sai ranar da dangi suka ɗage, ko shekara ce ko fiye. Mata sun riga sun fara kuka a tsakar gida, wata tana sauke hotuna daga bango tana kifewa. Sai a lokacin abin ya daki Narelle. Allon tagulla yana can manne a zaure, suna da manyan baƙaƙe, da hotonta tana yarinya riƙe da ƙwallo.

"Kawu, gobe fa?"

"Gobe me?"

"Shekara sittin tana jira. Rana ɗaya tak, Kawu. A buɗe, a kira sunan sau ɗaya, sai a rufe."

"Karatun da kika yi ne ya ce miki ana kiransa sau ɗaya?"

"Karatun da na yi shi ya kai sunan jikin bango!"

Tsohon ya dube ta, idanunsa jajir. "Na sani. Ta yi alfahari da ke. Amma in kika kira ta, za ta juyo, ga hanya mai nisa a gabanta. Su sun hana ta shiga. Ke kuma za ki hana ta tafiya?"

Narelle ta juya. Ta shiga mota.

A zauren, Mista Hollis, sakataren majalisar gari, yana nuna wa ma'aikata inda za a jera kujeru. An lulluɓe allon da koren ƙyalle, da igiyar da magajin gari zai ja. Da ta gaya masa, sai ya zauna a benci.

"Ayya. Ayya, Narelle. To, sai mu mai da shi taron tunawa da ita. Zai ma fi taɓa zuciya."

"Ba za a yaye ƙyallen ba. Ba kuma za a kira sunan ba."

"Ban gane ba. Ke ce fa kika hana mu barci a kan sunan nan."

"Ni ce."

"Masu ɗaukar hoto na zuwa daga Darwin. In ba a buɗe gobe ba, maganar za ta koma gaban majalisa, kuma kin san kamfanin haƙar ma'adinan nan na jira. Ƙuri'a ɗaya ce ta raba ku."

"Ba ɗagawa na ce a yi ba. A yi bikin. A sa hannu a takarda. Ƙyallen ne zai zauna."

"Ta yaya ake bikin buɗe abin da ba a buɗe ba? Har yaushe?"

"Sai dangi sun ce."

"Mutane za su yi mana dariya."

Narelle ba ta sunkuyar da kai ba. "Mista Hollis, na karanta dokarku kaf. Cewa ta yi a sa hannu a gaban jama'a. Ba ta ce a ja igiya ba. Tsohuwa ta jira ku shekara sittin a waje. Ku ma ku gwada jira, ku ji yadda yake."

 Sai Mista Hollis ya zaro jawabin magajin gari daga jaka ya miƙa mata. Ita ta rubuta rabinsa da kanta. Ta ɗora shi a gwiwa, ta bi layi-layi da biro tana soke sunan. Sau tara ya fito. A na ƙarshe biron ya huda takardar.

Ranar Asabar zauren ya cika. Magajin gari ya yi ta tuntuɓe a jawabinsa, duk inda ya iso wurin da aka soke sai ya ce "kyaftin ɗin". Ya sa hannu, ya dubi igiyar, ya mai da hannunsa aljihu. Wani mai ɗaukar hoto ya matso kusa da Narelle.

"'Yar'uwa, wai sunan wa aka sa?"

"Ka dawo baɗi," ta ce.

Aka busa usur, 'yan matan makaranta suka shiga fili, baƙaƙe da farare, takalmansu na ƙara a kan katako. Kawu Clem ya jawo kujera ya zauna a ƙarƙashin allon, ya ɗora haɓa a kan sandarsa. Bisa kansa, iskar fanka tana ɗan ɗaga gefen koren ƙyallen, ya koma ya kwanta.