An Kori Ƙara

Madam Vicky, mai makarantar da ya je neman aikin tuƙi, ba ta kira shi ɓarawo ba. Wayarta kawai ta turo masa a kan tebur, ta ce ya duba.

Timothy ya sunkuya. Hotonsa ne, ba riga, a tsugune gefen motar 'yan sanda, an jera sifanoni da wani tsohon jak a gabansa. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe cewa an kama direba da sace injin mota daga siton maigidansa a Kakuri. Ga sunansa cikakke, har da na mahaifinsa.

"Madam, wannan tsohon zance ne," in ji shi. "Kotu ta wanke ni tuntuni."

"Ni ba na gardama da kai," in ji ta. "Tuƙinka ya yi mini, fastonku ma ya yabe ka. Amma 'ya'yan mutane za ka riƙa ɗauka. Yadda na buga sunanka na gani, haka kowace uwa za ta buga ta gani. Kawo mini takardar kotu mai hatimi kafin a dawo hutu, in ba ka makullin bas."

Ya fito daga harabar makarantar. Ya ɗauka wannan magana ta mutu an binne ta.

A lokacin da abin ya faru, shi ke tuƙa wa Oga Ambrose motar kaya. Ambrose ɗan kasuwa ne mai shagon kayan gyaran mota a Kakuri, kuma Timothy ya yi masa aiki tun yana saurayi, tun zuwansa daga Akwanga. Wata safiya aka buɗe sito aka tarar injin mota ɗaya ya yi ƙafa, ba a kuwa fasa ƙofa ba. Ambrose ya nuna direbansa. Aka tsare Timothy, aka kai shi kotu, ya yi watanni a gidan yari kafin dattawan coci su samo masa beli. Daga nan sai zarya: yau alƙali na taro, gobe ɗan sanda mai gabatar da ƙara bai zo ba. Rannan dai alƙali ya yi magana da Turanci cikin sauri, lauyan da cocin ya nemo ya dafa masa kafaɗa ya ce, "Shi ke nan, tafi gida, ka fita." Matarsa Saratu ta rangaɗa guɗa a bakin kotu. Ba wanda ya ce masa ya karɓi wata takarda, shi ma bai tambaya ba. Wanda ya fito daga rami ba ya tsayawa auna zurfinsa.

Tun daga nan yake jan Keke Napep na haya tsakanin unguwannin Television da Sabo, bayansa na ciwo, ruwa da rana duk a kansa. Aikin makarantar nan shi ne abu na farko mai kama da hutu da ya leƙo shi.

Da ya koma gida ya tarar da Saratu a kan keken ɗinki a ƙofar ɗaki. Ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ture yadin ta ɗauko wayarta.

"Baban Peace, in sun sa kamunka a intanet, ai sun sa sakinka. Bari ka gani."

Ta buga sunansa. Hoton nan ya fito. Ta ƙara da kalmar kotu, ya sake fitowa a wani shafin, ta ƙara da hukunci, ya fito a na uku, har da maganganun mutane a ƙasa, masu cewa irin waɗannan taya da fetur ya kamace su. Ta sami wani shafi da ake sa hukunce-hukuncen kotuna, amma duk na manya ne, rikicin zaɓe da na kamfanoni. Wani shafin ya nemi lambar ƙara. Ta yi ta shafa fuskar wayar har data ta ƙare, tuwo ya huce a kwano ba wanda ya taɓa.

"Sun iya ɗaukar mutum hoto ba riga," in ji ta, "amma ranar da aka sake shi duk kyamarorinsu sun lalace."

Washegari ya tafi kotun da kansa. Ginin yana nan yadda ya san shi, da bencinan nan da suka sha zamansa. A ofishin rajista ya sami wani dattijo mai furfura, Malam Ayuba, yana zaune tsakanin tulin fayiloli da aka ɗaure da igiya. A gefensa akwai kwamfuta lulluɓe da zane.

"Lambar ƙara?" in ji Malam Ayuba, bai ɗago ba.

"Baba, ban riƙe ba."

"Shekara?"

Ya faɗa masa.

"Wane alƙali?"

"Wani dogo mai tabarau."

Malam Ayuba ya ɗago ya dube shi. "Ɗana, rabin alƙalan jihar nan dogaye ne masu tabarau. Ina lauyanka?"

Lauyan ya koma Abuja, lambarsa ta daina shiga. Timothy ya nuna kwamfutar ya tambaya ko ba za a duba a ciki ba. Dattijon ya yi 'yar dariya. Ya ce sababbin ƙararraki kawai aka fara zubawa a ciki, su ma sai ranar da aka kawo wuta. Na da kuwa suna sito, kuma mai riƙe da makullin sito ya tafi jana'iza ƙauyensu. Ya ce masa ya rubuto takardar neman kwafi, ya dawo mako mai zuwa.

Ya rubuto, ya dawo. Aka ce ba rajistara ya kamata ya rubuta wa ba, alƙali ne. Ya sake rubutowa. Aka ce alƙalin yana hutu. Ya je ofishin 'yan sandan da aka fara tsare shi ko za a samo lambar ƙarar a can, aka ce ɗan sandan da ya yi binciken an mai da shi wata jiha, wani kofur kuma ya ƙare masa kallo ya ce, "Kai ne na injin nan ko?" Kowace rana ya ajiye keke ya tafi kotu, mai keken na ƙorafi, hutun makaranta kuma na ƙarewa.

Ranar da aka buɗe siton, Malam Ayuba ya ji tausayinsa ya bar shi ya shiga tare da shi. Ɗaki ne mai duhu a bayan ginin, rufin ya yi yoyo a kusurwa ɗaya. Fayiloli tun daga ƙasa har rufi, waɗansu sun manne da juna sun zama kamar bulo, waɗansu gara ta yi gini a cikinsu. Timothy ya ɗaga wani ƙunshi, ƙasansa ya zube ya zama gari. Ya tsaya yana kallon garin a kan takalminsa. Sunan wani ne wannan, da ranakun da ya yi yana zarya.

Suka yi ta tono har azahar, dattijon ya tafi salla ya dawo suka ci gaba. Fayil ɗin dai ba a gan shi ba. Sai can Malam Ayuba ya jawo wani ƙaton littafi mai baƙin bango, irin wanda alƙali ke rubuta zaman kotu a ciki da hannunsa, na shekarar da ake nema. Ya yi ta buɗawa yana lasar yatsa, har ya tsaya.

"Ga ka nan."

Timothy ya ji hawaye ya cika masa ido. Ya kama hannun dattijon da hannu biyu yana godiya.

Aka ɗauki kwanaki kafin a buga kwafin a sa hannu a danna hatimi. Ranar da ya karɓa, ko layi biyar rubutun bai kai ba. Ya karanta, Turancin ya fi ƙarfinsa, ya roƙi Malam Ayuba ya fassara masa.

"Cewa aka yi mai ƙara bai zo ba, shaidu ba su zo ba, an ɗaga sau da yawa. Saboda haka an kori ƙara, an sallami wanda ake tuhuma."

"To ina wurin da aka ce ban yi ba?"

"Babu."

"Baba, duba dai. Lauya ya ce na fita."

"Ka fita mana. Ga ka a tsaye." Dattijon ya cire tabarau ya murza idonsa. "Sallama daban, wankewa daban. Kafin alƙali ya ce ba ka yi ba, sai an kawo shaidu ya saurara ya auna. Naka ba a kai nan ba. Mai ƙararka ya daina zuwa, kotu ta gaji da jira. In ya ga dama ma, a doka, yana iya sake tayar da ita."

Timothy ya zauna a kan benci ba tare da ya yi niyya ba. Shekara da shekaru yana gaya wa mutane kotu ta wanke shi. Ya faɗa a gaban coci ranar godiya, ya faɗa wa surukansa, ya faɗa wa 'yarsa Peace ranar da ta dawo daga makaranta tana kuka.

Duk da haka ya kai wa Madam Vicky. Ta karanta sau biyu, ta ninke ta miƙa masa.

"Wannan cewa ta yi ba a gama shari'ar ba. In mai kayan zai rubuto da hannunsa cewa kuskure ya yi, zan duba. Amma ka yi sauri, akwai wanda ke jira."

Tun ranar da aka kama shi bai sake taka layin shagon Ambrose ba. Ya tarar shagon ya zama biyu, an fasa bangon na kusa an haɗe. Ambrose ya yi ƙiba, gashinsa ya yi fari. Da ya gan shi sai ya miƙe da fara'a, ya rungume shi, ya sa aka kawo masa lemo mai sanyi.

Timothy ya ajiye takardar a kan kanta ya faɗi abin da ya kawo shi. Layi biyu kawai yake so.

Ambrose bai taɓa takardar ba. "Timo, wannan magana ta wuce. Ni na bar ta tuntuni. Ba ka ga na daina zuwa kotu ba? Na yafe maka har cikin zuciyata."

"Oga, me ka yafe mini?"

"Mu bar tone-tone."

"Makullin siton biyu ne. Ɗaya a hannunka, ɗaya a hannun Tochukwu ƙanin matarka. Duk Kakuri an san dalilin da ya sa ka mai da shi gida a watan da abin ya faru. Ka sani, shi ya sa ka daina zuwa."

Fara'ar ta bar fuskar Ambrose. Ya waiga cikin shagon, ya rage murya. "In na rubuta ba kai ba ne, za a ce to wane ne. Yaron nan yanzu yana da mata da 'ya'ya, yana da sarauta a cocinsu. Kana so in rusa gidana saboda aikin direba? In aiki kake so, zan yi maka magana da wani."

"Sunana nake so, Oga."

"Sunanka na nan. Wa ya ƙwace?"

Wani mai saye ya tsaya da mota a waje yana danna ham. Ambrose ya amsa masa, ya zagayo zai fita. Har ya kai ƙofa sai ya dawo, ya tura aljihun tebur ya murza makulli ya jefa a aljihunsa, sannan ya yi wa Timothy murmushi ya ce ya sha lemonsa, yanzu zai dawo.

Timothy ya dubi aljihun teburin, ya dubi kwalbar da ke zufa a kan kanta. Ya ɗauki takardarsa ya fita ta gefen motar, Ambrose na kiran sunansa bai juya ba.

Ranar da aka koma makaranta, yana cikin layin masu keke a bakin kasuwar Television bas ɗin ta zo wucewa, cike da yara masu rigar shuɗi, wani saurayi a kan sitiyari. Cunkoso ya tsayar da ita daidai gabansa. Ya kau da kai yana gyara madubi har ta wuce. Wata mata mai buhun dankali ta tambaye shi ko zai je Sabo, ya sauko ya taya ta ɗorawa.